Tarihin Kilishi Da Alaƙarsa Da Ƙasashen Kudancin Amurka



A wannan karon za mu waiwayi tarihin kilishi, naman da kusan duk wanda zai bar Gombe zuwa Legas ko Fatakwal ake roƙonsa ya riƙo a matsayin tsaraba. Mun saba ɗaukarsa a matsayin namu tun daga tushe, kuma ta fuskar hannun da ke yinsa haka abin yake. Amma idan aka bi kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, za a tarar biyu daga cikin manyansu, wato gyaɗa da barkono, baƙi ne da suka tsallako teku daga nahiyar Amurka. A can ɗin kuma akwai mutanen da shanu suka gina musu rayuwa kamar yadda suka gina tamu, suna da wani naɗaɗɗen nama da suke alfahari da shi mai suna matambre. Idan aka jera tarihin nasu da namu, akwai darasin da ya shafi aljihun mahautanmu da makiyayanmu a yau.

Busar da nama ya girmi kilishi

Kafin zuwan firji, duk wanda ya yanka sa a ƙasa mai zafi irin tamu yana da matsala guda: naman ya fi ƙarfin cin yini ɗaya, kuma ba ya jira. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsoka ruwa ne, wannan ruwan kuwa shi ne gidan ƙwayoyin da ke ruɓar da nama. Kakanninmu ba su san sunan ƙwayoyin ba, amma sun san maganinsu: a raba naman da ruwansa. Shi ya sa muke da banda, inda hayaƙi ke yin aikin, muke da soye, inda mai ke yinsa, muke da shanya, inda rana da iska ke yinsa. Har gobe a gidajenmu, bayan Babbar Sallah, za ka ga an yanyana naman layya an rataye a igiya ya sha iska kafin a soya. Larabawa ma suna da nasu busasshen naman da suke kira ƙadid, kuma malaman lugga da dama sun ce kwanaki ukun da ke bin ranar layya sun sami sunan Tashriƙ ne daga shanya nama a rana da ake yi a cikinsu.

Wanda ya fi kowa buƙatar irin wannan nama shi ne matafiyi. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro sukan yi watanni a hanya. Ayarin Azbinawa da ke ɗauko gishiri daga Bilma yakan ratsa sahara inda babu kasuwa babu mahauci. Maniyyatan da ke tafiya Makka a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur wasunsu sukan shafe shekaru. Duk waɗannan suna neman guzuri mara nauyi, wanda ba ya lalacewa, wanda ba sai an hura wuta ba kafin a ci. Busasshen nama ya cika sharuɗɗan nan duka.

Mahauta da kasuwa

Fawa a ƙasar Hausa sana'a ce ta gado mai tsari. Kowane gari yana da Sarkin Fawa, wanda ke kula da yanka, yake duba lafiyar dabbar da za ta shiga kasuwa, yake sasanta rigimar da ta taso tsakanin mahauta. A yankin Sakkwato da Zamfara ana kiran mahauta Rundawa. Suna da kiɗansu na kalangu, suna da wasansu na hawan ƙaho, kuma cikinsu ne aka fi samun 'yan damben gargajiya. Aikin ya rarrabu: akwai masu yanka da fiɗa a kwata, akwai masu sayar da ɗanye a teburi, akwai masu tukuba, akwai masu balangu, sannan akwai masu kilishi.

Wani Baturen Ingila mai suna Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya kuma rubuta abin da ya gani a kasuwar birnin. Cikin abin da ya bayyana har da masu gashi a kusa da rumfunan mahauta, waɗanda ke kafa tsinkaye kewaye da wuta, kowane tsinke an jera masa ƙananan yanka, tsoka na bin kitse. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tukuba ya san abin da Baturen ya gani. Ke nan shekara 200 da suka wuce tsire yana nan da kamanninsa na yau.

Yadda ake yinsa

Kilishi ya fi tsire wahala nesa ba kusa ba. Tsoka zalla ake nema, galibi ta cinya, a cire mata kitse da jijiya, domin kitse ne ke sa nama ya yi ɗoyi idan ya daɗe. Daga nan sai aikin da ke bambanta gwani da ɗan koyo: a ɗauki dunƙulen tsoka a riƙa warware ta da wuƙa mai kaifi, ana juyawa ana jan ta, har ta zama sala guda mai faɗi, siririya kamar takarda, ba tare da ta yage ba. Yaro yakan yi shekaru yana wanke wuƙa da juya shanya kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa tsoka.

Sai a shimfiɗa salar a kan gadon kara ko asabari ta sha rana. Lokacin hunturu, da iska ke bushe, aikin yana sauri. Da damina kuwa sai an yi ta fama. Idan ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuzar gyaɗa da aka dama da ruwa aka zuba masa barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, albasa da gishiri, wasu su ƙara ɗan abin zaƙi. A sake shanyawa, sannan a ɗora a kan garwashi na ɗan lokaci. Akwai ja, akwai fari mai sauƙin yaji, akwai kuma wanda ba a sa masa labu sam sai mai da gishiri da ɗan yaji, wanda mutanen Nijar ke kira rumuzu. Mai ƙorafin tsadar kilishi ya tuna cewa mafi yawan nauyin naman da mahauci ya biya kuɗinsa rana ce ta shanye shi.

Baƙin da ke cikin labu

A nan ne tarihin ya tsallaka teku. Masoro da kimba da citta mai 'ya'ya 'yan asalin Afirka ta Yamma ne. Kanumfari daga tsibiran Indunisiya ya fito, ya iso mana ta hannun Larabawa, sunansa ma daga Larabci muka aro shi. Citta mai yatsu daga Asiya take, ko da yake yau ana noma ta sosai a Kaciya da kewayenta. Gyaɗa kuwa an fara noma ta ne a Kudancin Amurka, a yankin da ya haɗa kudancin Bolibiya da Faragwai da arewacin Ajantina na yau, dubban shekaru kafin Turawa su san da nahiyar. Barkono ma daga nahiyar Amurka yake. Jiragen ruwan Fotugal ne suka kawo su gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan suka yi ta shigowa ciki daga hannu zuwa hannu. Kafin zuwan gyaɗa, abin da muke da shi mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa shi ne gujiya, wadda ba ta da mai irin na gyaɗa.

Abin da wannan ke nuna mana shi ne, shanya nama tsohon abu ne ƙwarai a wurinmu, amma kilishi mai labun gyaɗa da barkono, irin wanda muka sani, bai kai shekara 500 ba. Wasu mahauta ne da ba a rubuta sunayensu ba suka ga tunkuzar da mata ke samu bayan sun matse mai, suka gane cewa za ta riƙe yaji a jikin nama, ta ƙara masa auki da ɗanɗano. Wannan dabarar tamu ce, ba wanda ya kawo mana ita. Kuma har yanzu sana'ar maza ta kilishi tana tsaye ne a kan sana'ar mata ta ƙuli-ƙuli da ake yi a cikin gidaje.

Shanu kuma suka nufi can

Yayin da gyaɗa ke tahowa gabas, shanu suna tafiya yamma. Nahiyar Amurka ba ta da saniya ko doki lokacin da Turawa suka isa. Columbus ne ya fara kai shanu a tafiyarsa ta biyu a 1493. Da Juan de Garay ya sake kafa birnin Buenos Aires a 1580, ya zo da shanu daga Asunción, sannan a 1611 Hernandarias ya sa aka saki wasu a ƙasar da ta zama Urugwai. Filin ciyawar da suke kira Pampa ba shi da iyaka a ido, ga ruwa, ga ƙarancin namun dajin da za su cinye su. Shanun suka fantsama suka koma na jeji, suka hayayyafa har suka zama ba a iya ƙidaya su.

A wancan zamanin fata ce ke da kuɗi, domin ita ake iya lodawa a jirgi zuwa Turai. Mahaya dawakin da aka sani da gaucho sukan fita farautar shanu, su kayar da su, su feɗe fata, su ɗebi kitse, su bar yawancin naman ga ungulu da karnuka. Abin da sukan yanka don cikinsu shi ne harshe da kuma wata siririyar tsoka mai faɗi da ke tsakanin fata da haƙarƙari, wadda saniya ke girgizawa idan ƙuda ya dame ta. Ita ce ta fara bayyana da zarar an ɗaga fata, kuma ba ta daɗewa a kan wuta. Suka sa mata suna matambre, daga kalmomin Sifaniyanci biyu masu ma'anar kashe yunwa. Wani littafin tafiye-tafiye da ya fito ɗauke da shekarar 1773 ya ba da labarin yadda mutanen karkarar ke iya kashe saniya sukutum don su ci wannan tsoka kaɗai. A 1837 kuma marubucin Ajantina Esteban Echeverría ya rubuta maƙala guda ta yabon matambre. A wurinmu, inda ba a zubar da ƙafa ko kai ko ganda, irin wannan almubazzaranci abin mamaki ne, amma yawa ne ya jawo shi.

Da naman ya shigo birni sai ya canza kama. Matan gida suka riƙa shimfiɗa tsokar, su barbaɗa gishiri da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, su jera karas da tattasai da dafaffen ƙwai, su naɗe ta kamar tabarma, su ɗaure da zare, su dafa a ruwa na tsawon sa'o'i. Idan ta dahu sai a danne ta da abu mai nauyi har ta huce, a yanka ta fale-fale, kowane yanka da ƙwai a tsakiyarsa. Wannan shi ne matambre arrollado, wato naɗaɗɗe. Daga shekarun 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya miliyoyin baƙi daga Italiya da Sifaniya suka kwarara Ajantina, kuma mutanen Genoa suna da wani cusasshen naman maraƙi mai suna cima da ake dafawa a danne a ci da sanyi, shi ya sa masu nazarin abinci da yawa ke ganin hannunsu a cikin wannan girki. A yau shi ne abincin bukukuwan ƙarshen shekara a Ajantina da Urugwai, domin watan Disamba a can tsakiyar zafi ne, kowa na son abu mai sanyi. Mu ma muna da ɗan abin da ya yi kama da shi, idan muka tuna yadda ake naɗe tumbi a ɗaure shi da hanji kafin a jefa a tukunyar farfesu.

Naman da aka ciyar da bayi

Akwai ɓangaren wannan tarihi mai ɗaci da ya shafe mu kai tsaye. Daga ƙarshen ƙarni na 18 attajiran yankin suka gane cewa naman da ake bar wa ungulu kuɗi ne. Suka kafa manyan wuraren yanka inda ake shafe nama da gishiri a shanya, a garin Pelotas na kudancin Birazil tun wajen 1780, da kuma kewayen Buenos Aires, inda Juan Manuel de Rosas, wanda daga baya ya mulki lardin, ya buɗe nasa da abokansa a 1815. Wannan busasshen nama, da ake kira tasajo ko charque, mai tauri ne da gishiri kamar me, kuma masu kuɗi ba sa cinsa. Kasuwarsa ita ce gonakin rake da kofi na Birazil da Kyuba, inda ake ciyar da bayi da shi.

Cikin bayin nan akwai Hausawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa mutane da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka sauke da dama daga cikinsu a Bahia. Hukumomin can sun rubuta sunan Hausawa a yunƙurin tawaye na 1807 da boren 1814, kuma akwai su cikin Musulmin da suka tayar da babban bore a birnin Salvador a 1835. Mutumin da ya taso yana jin ƙamshin tukuba a kasuwar garinsu ya ƙare yana tauna naman gishirin da aka yi don a riƙe ransa ya ci gaba da saran rake. Kyuba ta soke bauta a 1886, Birazil a 1888, kasuwar wannan nama kuwa ta fara ja da baya.

Inda hanyarmu da tasu ta rabu

A ƙarshen 1876 wani jirgin ruwan Faransa mai injin sanyi, Le Frigorifique, ya isa Buenos Aires da naman da bai lalace ba bayan watanni a teku. A farkon shekarun 1880 aka fara gina masana'antun daskarar da nama a Ajantina. A Urugwai kuma, tun shekarun 1860 kamfanin Liebig ya kafa masana'anta a garin Fray Bentos, wadda naman gwangwaninta ya zagaya duniya. A 2015 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Tun daga lokacin, mutanen yankin suke yanka a gida, su riƙe fata da ƙashi da kitse da aikin yi, su tura wa duniya naman da aka gyara.

Mu kuwa a daidai wannan lokaci annoba ce ta same mu. A farkon shekarun 1890 cutar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta share garkunan Fulani, har wasu masu ɗaruruwan shanu suka wayi gari da sanda kawai. Da garkunan suka farfaɗo, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya buɗe hanyar kai gyaɗa bakin teku da kai shanu kudu da ransu. Unguwannin Hausawa irin su Sabo a Ibadan suka bunƙasa a kan cinikin shanu da goro. Bushiya ta sake dawowa a 1983 kafin a sanar da kawar da ita daga duniya a 2011.

Gombe tana tsakiyar wannan labari. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ƙasar makiyaya ce tun asali. Turawa suka mayar da hedikwatarta daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa, sannan a 1919 zuwa inda muke zaune yanzu. Jirgin ƙasa ya iso mana a 1963, jiha ta samu a ranar 1 ga Oktoba 1996. Muna da gandun kiwo na Wawa-Zange, muna da tike cike da bunaji da rahaji, ga babbar kasuwar shanu ta Fataskum a maƙwabtanmu. Amma har yau yawancin abin da muke yi shi ne loda shanu a tirela su yi kwanaki a tsaye zuwa kudu, suna ramewa, wasu na mutuwa a hanya, ana biyan kuɗi a shinge bayan shinge. Ribar fata da ƙashi da kayan ciki da aikin fiɗa duk tana sauka a can. Kilishi ne kusan kaɗai naman da muke gyarawa da hannunmu ya bar Arewa a shirye.

Abin da ke gabanmu

'Yan uwanmu na Nijar sun riga mu farkawa. Garuruwa irin su Madawa da Tasawa sun daɗe da suna a kilishi, kuma a 2023 ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, OAPI, ta yi wa kilishin Nijar rajista tare da albasar Galmi, ta yadda sunan ya zama dukiyar masu yinsa. A Najeriya an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, kuma a watan Nuwamba na shekarar kamfanin nama na Birazil, JBS, ya sanar da yarjejeniyar zuba jarin dala biliyan 2.5 a ƙasar nan. Wato jikokin masu shanya naman gishiri sun iso ƙofarmu da injinansu.

Idan muna son mahautanmu su tsaya da ƙafarsu a wannan sabuwar kasuwa, akwai gyaran da ba sai mun jira gwamnati ba. Shanya a fili, inda ƙura da ƙuda ke sauka, ita ce babbar hujjar masu ƙyamar kilishi, alhali rumfa mai raga ba ta fi ƙarfin mahauta goma da suka haɗa kuɗi ba. Naɗe nama a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti ya kamata ya zama tarihi. Ƙasashe irin su Amurka da Ingila ba sa barin matafiyi ya shiga da nama daga ƙasarmu, kuma ba za su buɗe ƙofa ba sai sun ga kwata mai tsafta da shaidar likitan dabbobi. Mai nama shi ke neman wuta.

Akwai kuma gyaran da ke cikin zukatanmu. Muna cin kilishi muna santi, amma a wasu gidaje har yanzu ana ja da baya idan ɗan mahauci ya zo neman aure. Wannan raini yana cikin abin da ke sa yaran gidan fawa da suka yi karatu gudun sana'ar iyayensu, alhali su ne suka fi dacewa su shigo mata da ilimin zamani. Mutanen Ajantina sun rubuta yabon tsokar da talakan makiyayi ke gasawa a jeji tun 1837, mu kuwa dattawan da suka san wanda ya fara kilishi a garin nan, da inda ya koyo, da yadda labun da yake kafin zuwan sinadaran ɗanɗano na kanti, suna ta tafiya da iliminsu.

Don haka muna kira ga matasanmu, musamman ɗaliban tarihi da na kimiyyar abinci a Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, su je su zauna da dattawan mahauta da wayoyinsu, su naɗi bayaninsu da izininsu. Duk wanda ya fito daga gidan fawa, ko yake da labarin da ya ji daga kakanninsa, ya aiko mana, za mu tattara mu kawo a rubutu na gaba. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya jiƙan magabatanmu.